Ina son fara kiwon tarantula a nan Kano, ta ina zan soma?

Ɗan_Kabuga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na san yawancin hirarmu a nan ta tattabara ce da zomo da kifi, to yau ga tawa daban. Na daɗe ina kallon masu kiwon tarantula, manyan gizo-gizon nan masu gashi, kuma abin ya shiga raina sosai. Ɗaki ɗaya gare ni a gidanmu, babu filin kafa keji, ga aiki tun safe har magariba. Shi ya sa nake ganin dabbar da ba ta kuka, ba ta wari, ba ta neman abinci kullum, ita ce daidai da ni. Wace iri ce ta dace da ɗan koyo? Me zan tanada kafin ta iso? Kuma za ta iya zaman Kano? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Maman_Ilham: Wa alaikumus salam. Ɗana, tautau za ka ɗauko da hannunka ka kai cikin gida? Mu da muke kakkaɓe shi da tsintsiya? Akwai yara a gidan naku kuwa? Ni wallahi tsoro nake ji maka. 'Yata ta taɓa tashi da wuyanta duk ya yi ja ya ɗuri ruwa, aka ce tautau ne ya bi ta kanta, ta sha wuya kafin ya warke.

Ɗalibar_BUK: Mama, Allah ya ƙara mata lafiya. Amma irin wannan ƙunar da ake tashi da ita, sau da yawa ba gizo-gizo ba ne. Akwai wani ɗan siririn ƙwaro mai ja da baƙi da ke bin hasken fitila da damina, ana kiransa Paederus. Ba ya cizo, amma in aka murje shi a jiki ruwansa ne ke ƙona fata. Ita kuwa tarantula dangi ne guda mai zaman kansa, Theraphosidae, mai iri wajen dubu, kuma halinsu ya bambanta ƙwarai.

Sadiq_Jamus: Ɗan'uwa barka da wannan sha'awa. Ni ɗan Gwale ne, karatu ya kawo ni nan, kuma ina kiwonsu. Abu na farko da za ka riƙe: an kasa su gida biyu. Akwai na nahiyar Amurka, akwai na Afirka da Asiya. Na Amurka yawancinsu suna da sanyin hali, dafinsu bai da ƙarfi, makaminsu shi ne gashin da ke bayan cikinsu wanda suke karkaɗowa da ƙafa in an dame su. Na Afirka da Asiya ba su da wannan gashin, saboda haka abin da suka dogara da shi gudu ne da cizo, kuma cizon wasunsu yana sa ciwo mai tsanani da ɗaurewar jijiya na kwanaki. Ɗan koyo ba ruwansa da su.

Waɗanda ake fara koyo da su: Tliltocatl albopilosus mai murɗaɗɗen gashi daga Amurka ta Tsakiya, wajen Honduras da Nikaragua; Brachypelma hamorii mai jan gwiwa daga Meziko; Grammostola pulchra baƙa wuluk; sai Aphonopelma chalcodes ta hamadar Arizona. In ni ne zan ce ka ɗauki ta farkon. Tana cin abinci ba gardama, tana jure kuskuren mai koyo, kuma ta fi sauran saurin girma. Kada ka sayi jaririya mai girman farce, ka nemi wadda ta ɗan tasa. Sannan ka sani, mace a cikin irin su Brachypelma tana iya wuce shekara 20. Namiji kuwa in ya balaga ba ya daɗewa. Ka tambayi kanka inda za ka kasance nan da shekara 20, da wanda zai karɓe ta in ka yi tafiya.

Baba_Mai_Tattabara: Shekara 20! To ai wannan ya wuce sha'awar kwana biyu. Yaro, ni tambayata ɗaya ce. Tattabarata in na shigo gida ta san ni, in na yi fito ta sauko. Ita wannan za ta san ka?

Sadiq_Jamus: Baba, gaskiya ba za ta san shi ba. Ba ta sabo da mutum, ba ta ma gani sosai duk da idanu takwas, da motsi da girgiza take gane abin da ke kusa da ita. Dabbar kallo ce. Daɗinta shi ne ka ga yadda take haƙa rami, ta shimfiɗa yana a bakinsa, ta yi kwanton ɓauna ta cafke gyare cikin ƙiftawar ido. Wanda yake son abin da zai shafa, ya nemi zomo.

Baba_Mai_Tattabara: To kowa da kiwon da ya karɓe shi. Allah ya ba da sa'a.

Abba_Sola: Duk kun tsallake babbar tambayarsa ta uku. Sadiq, kai kana ƙasar da ake neman ɗumi, mu nan neman sanyi muke. A Afrilu da Mayu zafi yana kai digiri 40 har ya wuce, kuma ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba sili mai kyau ya fi waje zafi da la'asar. Wuta kuma ba tsayawa take ba. Na san yadda batura suke kumbura a ɗakunan mutane saboda zafi, balle ƙwaro a cikin akwati.

Sadiq_Jamus: Wannan gaskiya ne Abba, kuma nan ne ilimina ya gaza naku. Su dai sun fi sakewa tsakanin 22 zuwa 28. In aka daɗe sama da 32 akwai haɗari, musamman in ba ruwa.

Ɗalibar_BUK: Amma a lura, a daji ma ba a cikin sanyi suke ba. Ta Arizona ɗin nan tana ƙasar da zafinta ya kai namu. Dabararta rami ne: da rana tana can ƙasa inda zafi bai kai na sama ba, sai dare ta fito bakin rami. Matsalar akwati ita ce ƙasar cikinsa ba ta da zurfin da za ta yi sanyi, duk zafin ɗaki shi ne zafinta. Don haka zurfafa ƙasa yana taimakawa kaɗan, amma ɗakin ne abin dubawa.

Ɗan_Cikin_Gari: Ɗakin ƙasa irin na kakanninmu shi ne maganin wannan. Sorayen cikin badala masu kaurin bango da rufin azara, ka shiga da azahar ka ji kamar an kunna maka fanka. In kana da ɗan'uwa a cikin gari mai irin wannan ɗakin, ka roƙe shi ka riƙa kai ta can da bazara.

Injiniya_Sharaɗa: Ko kuma dabarar tukunya cikin tukunya. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, shi ya yaɗa ta har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000: ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwan yana tsattsafowa yana bushewa yana janye zafi. Don tumatir da alayyafo aka yi ta, kuma ta fi aiki lokacin da iska ta bushe, wato daidai Maris da Afrilunmu. Me zai hana a saka akwatin a ciki?

Hafsat_Tarauni: Yallaɓai Injiniya, a yi hattara da wannan. Ni ina da guda ɗaya a nan Kano, irin mai murɗaɗɗen gashin da Sadiq ya ambata, daga hannun wani mai kiwo a Legas na same ta. In ka zura akwatin cikin tukunya ka rufe da jiƙaƙƙen buhu, ka toshe mata iska. Danshi da rashin iska tare suna kashe su fiye da zafi, ƙasar ta yi fumfuna, ƙananan ƙwari su cika wurin. Abin da nake yi shi ne, da bazara ina sauke akwatin ƙasa kan siminti a kusurwar da rana ba ta bugun bangonta, kusa da randa, ina yayyafa wa simintin ruwa, ba akwatin ba. Kwanon ruwanta kuma ba ya taɓa bushewa. Takan shige raminta ta toshe baki, sai na yi makonni ban gan ta ba. Haka take wuce zafin.

Ɗan_Kabuga: Alhamdulillah, ashe akwai mai ita a garin nan! Anti Hafsat don Allah ki yi min bayanin akwatin naki dalla-dalla.

Hafsat_Tarauni: Ba wani abin tsada ba ne ƙanena. Robar ajiye kaya ce mai haske da murfi mai maƙalli, irin wadda ake samu a Sabon Gari. Na huda ƙananan ramuka da ƙusa mai zafi a gefe biyu da sama, don iska ta riƙa ratsawa. Faɗinta ya kai kamar ninki uku na buɗewar ƙafafunta. Abin da mutane ba sa kula da shi shi ne tsayi: ka cika ƙasa har fiye da rabi, yadda in ta hau bango ta faɗo ba za ta faɗo daga nesa ba. Cikinta taushi gare shi, faɗuwa kaɗan sai ya fashe, kuma in ya fashe da wuya ta tashi. Saboda haka ma ba na ɗaukarta a hannu ko kaɗan, duk da kana ganin ana yi a bidiyo.

Ƙasar kuma kada ka ɗebo ta lambu da aka zuba wa taki ko maganin feshi. Garin ɓawon kwakwa da masu sayar da furanni ke amfani da shi ya fi, a gauraya da ƙasa mai tsabta. Sai ɓarin kasko ko fasasshiyar tukunya a kife mata ta samu maɓoya, da ɗan murfin kwalba mai faɗi na ruwa. Kada ka sa auduga ko soso a ruwan, kai tsaye take sha. Kada ka yi murfi da ragar waya, farcenta yana maƙalewa. Kada ka sa mata fitila, ba ta son haske. Kuma ɗaya tak a akwati, in ka haɗa biyu ɗaya za ta cinye ɗaya.

Da hunturu ba ni da damuwar sanyi, ina dai mayar da ita kan tebur nesa da taga. Bushewar iska ce abin kula, sai in riƙa cika kwanon har ya ɗan malala ya jiƙa kusurwa ɗaya.

Malam_Fagge: Salamu alaikum. Ina bin zancen tun farko. Abin da zan tunatar shi ne duk ran da ka tsare, haƙƙinsa ya hau kanka. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, yana cikin Bukhari da Muslim. Haka kuma hadisin yaron nan Abu Umair da ɗan tsuntsunsa, wanda malamai suka kafa hujja da shi cewa ajiye tsuntsu ya halatta in ana kula da shi. Amma batun saye da sayar da ƙwari, musamman masu dafi, malaman fiƙihu suna da magana a kai, don suna duba amfanin abin da cutarwarsa. Ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa ka faɗa masa yadda abin yake, kada ka ɗauki fatawa daga zaure.

Abu_Hanif: Malam ya yi sassauci. Ni a ganina almubazzaranci ne. A wannan tsadar rayuwar mutum ya fitar da kuɗi ya sayi gizo-gizo? Ka sayi 'yar tunkiya ka ɗaure, da layya ka ga amfaninta.

Ɗalibar_BUK: Yaya Abu Hanif, mai aku da mai kanari da mai kifin ado su ma ba nama suke nema ba. Kuma cikin duk dabbobin da ake kiwo a zauren nan ita ce mafi ƙarancin ci. Babba gyare biyu ko uku a mako ɗaya zuwa biyu sun ishe ta.

Abu_Hanif: Aku dai ba ya cizo da dafi. Ina nan kan bakana.

Nura_Na'ibawa: Ku bar batun kuɗi, ga abin da ya kashe tawa. Ba zafi ba ne, ba yunwa ba ce. Gidan haya nake, maƙwabcin ɗakina ya yi feshin fiya-fiya da daddare saboda kuɗin cizo, silinmu kuma a haɗe yake ta sama. Da safe na same ta ta naɗe ƙafafu a ƙarƙashin ciki, ba ta sake motsi ba. Ba da mugunta ya yi ba, bai ma san ina da ita ba. Ɗan Kabuga, ka zagaya gidanku ka ƙirga: maganin sauro na kunnawa, na feshi, garin kashe kyankyaso, allin tururuwa. Duk abin da aka yi don kashe ƙwaro zai kashe ta, kuma gidan Kano da damina ba ya rabuwa da su. Wannan ne ainihin jarrabawar, ba cizo ba.

Hafsat_Tarauni: Allah ya mayar maka da alheri Nura. Gaskiya ka faɗa. Ni ɗakina gidan sauro kawai nake sawa, tagogi da raga, kuma ko turaren wuta ba na yi a ciki. Hayaƙi ba ya yi musu daɗi, ta wasu ƙofofi a ƙarƙashin ciki suke numfashi. In za a yi feshi a gidan ana faɗa min tun da wuri, in ɗauke ta zuwa gidan yayata sai warin ya fita sarai.

Maman_Ilham: To kun ga abin da nake gudu. Kada saboda gizo-gizo a hana gida feshi, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara. Lafiyar mutane ce gaba. Kuma har yanzu bai ba ni amsa ba, Hajiyarsa ta sani?

Ɗan_Kabuga: Mama ban faɗa mata ba tukuna, so nake in fahimci abin sosai yadda in ta tambaye ni zan iya ba ta amsa. In ta ce a'a, magana ta ƙare. Ƙannena biyu ne ƙanana a gidan, amma ɗakina a soro yake, da kwaɗo.

Likitan_Dabbobi_Hotoro: Tunda akwai yara bari in sa baki. Cizon irin waɗanda aka lissafa maka ba kasafai yake wuce zafi da kumburi a wurin ba, sai dai haƙoran suna da tsayi, dole a wanke ciwon da sabulu a sa ido. Gashin ne na fi jin tsoro. A fata kamar ƙaiƙayin gero yake, amma in ya shiga ido sai an je wajen likitan ido, don yana da ƙananan ƙayoyi da ke nutsewa. Kada ka kusantar da fuskarka in ka buɗe murfi, ka yi aiki da dogon hantsaki, ka wanke hannu kafin ka taɓa ido. Mai asma ya ƙara nisa. Sannan ka sani in ta yi ciwo babu allura ko ƙwaya da zan rubuta mata, kulawarka ce kawai maganinta.

Ɗan_Cikin_Gari: Ni abin da ban gane ba, me ya sa sai an kawo daga Meziko? Mu ba mu da su a Afirka ne? A sa mafarauta ko gardawa masu wasa da maciji su samo masa mana.

Sadiq_Jamus: Muna da su, amma su ne waɗanda na ce ya guje wa. Heteroscodra maculata ta wajen Togo da Gana, da Stromatopelma calceatum da ke zama a kan bishiyar kwakwar manja a Afirka ta Yamma, suna cikin mafiya gudu da zafin dafi da masu kiwo suka sani. Ko waɗanda suka daɗe a harkar suna shakkarsu. Ga shi wadda aka kamo a daji ba ka san shekarunta ba, ba ka san cutar da ta ɗauko ba. Wadda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo ta fi.

Barista_Zoo_Road: A ƙara da doka. Duk dangin Brachypelma, har da Tliltocatl da aka cire daga cikinsu, suna jeri na biyu na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, kuma Najeriya tana cikin yarjejeniyar. Ma'ana ba a tsallaka iyaka da su sai da takardar izini. Kada wani ya ce zai sako maka a cikin jaka ko ya turo a kwali a ɓoye, ka amince. In za ka saya a cikin ƙasa, ka tambayi mai sayarwa asalinta, kuma kada ka tura kuɗi sai ka ga dabbar tana motsi a kiran bidiyo.

Baba_Mai_Tattabara: Na dawo. Abincin fa? Na ji an ce gyare. Da damina ga su nan birjik ƙarƙashin fitila, da rani fa? Ko fara zai saya?

Hafsat_Tarauni: Baba, soyayyar fara ba za ta ci ba, sai abu mai rai mai motsi. Ni kiwon abincin nake yi da kaina: tsutsar ƙwaron dusa a cikin roba, ina zuba musu dusa da yankan karas. Kyankyason gida kuwa ban yarda da shi ba, ba ka san gubar da ya taka ba.

Nura_Na'ibawa: Ni kam ina ba tawa farar da na kamo a bayan gari, inda ba gona, ban taɓa ganin illa ba.

Ɗalibar_BUK: Fara tana tashi Nura, wadda ka kama a fili wataƙila jiya a gonar wake da aka fesa ta kwana. Ni dai bayan Anti Hafsat nake.

Sadiq_Jamus: Saura abu ɗaya da yake firgita kowane sabon shiga, wato saɓa. Za ta daina cin abinci makonni, wani lokaci watanni, bayan cikinta ya yi baƙi yana sheƙi. Rana ɗaya sai ka tarar da ita kwance rigingine, ƙafafu sama. Ba mutuwa ta yi ba, kada ka taɓa ta, kada ka juya ta, kada ka fesa mata ruwa. Tsohuwar fatar take tuɓewa, kuma yana iya ɗaukar sa'o'i. Wadda ta mutu ita ce irin ta Nura, a kife da ƙafafu naɗe a ƙasa. Bayan ta gama jikinta laushi ne, haƙoran farare, sai ka jira mako ɗaya zuwa biyu su yi baƙi kafin ka ba ta abinci. Kuma duk gyaren da ba ta ci ba cikin kwana ɗaya ka fitar da shi, don in ya same ta tana saɓa shi zai ci ta.

Hafsat_Tarauni: A nan kuma a ƙara da tururuwa da cinnaka, lokacin saɓa suke fi yin ɓarna. Tunda ba halin sa magani, ƙafafun teburin nake tsomawa cikin gwangwanayen ruwa. In na sauke ta ƙasa da bazara, faranti mai ruwa nake sawa, in ɗora bulo a tsakiya, akwatin a kai.

Abba_Sola: Ɗan Kabuga, shawarata kada ka sayi komai yanzu sai ma'aunin zafi na ɗaki, irin mai nuna mafi sama da mafi ƙasa. Ka ajiye shi a kusurwar da kake nufi, ka riƙa rubuta abin da ya nuna da la'asar har bazara ta wuce. Soro yana bakin titi, ina zargin ya fi cikin gida zafi.

Ɗan_Kabuga: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Ma'aunin zan nema a satin nan, kuma zan fara da kiwon tsutsar in ga ko zan iya riƙe ta. Anti Hafsat, ita tsutsar ba ta mutuwa da zafin Afrilu? Kuma dusar masara ce ko ta alkama?

Hafsat_Tarauni: Ta alkama ta fi. Zafi yana rage su sosai, don haka ka raba su roba biyu, in ɗaya ta lalace kana da ɗaya. Ka shanya dusar a rana tukuna saboda ƙwarin da ke cikinta, kuma ka tambayi mai sayarwa ko an zuba wa hatsin maganin ajiya.

Abu_Hanif: Ni dai har yanzu ina jiran in ji abin da Hajiya za ta ce.